TARIHI: Fritz Pollard, gwanin zari-rugar Amurka da aka karrama shekara 19 bayan mutuwarsa

Duk wanda ya taɓa zama a gidan kallon ƙwallo, ko a Kwanar Ɗangora ne ko a Tudun Wada ko can Riruwai, ya san gardamar da ba ta ƙarewa: wane ne gwanin gwanaye? Wani zai lissafo ƙwallayen da gwaninsa ya ci, wani ya lissafo kofuna, na uku kuma ya ce ba a yi wa nasa adalci ba. Amurkawa ma suna da irin wannan gardama a wasan da suka fi ƙauna, wato ƙwallon zari-ruga irin tasu, har sun gina mata zaure na musamman inda ake ajiye sunayen waɗanda aka yarda sun yi fice.

Tarihin Frederick Douglass Pollard, wanda aka fi sani da Fritz Pollard, ya nuna cewa ba a fili kaɗai ake yanke darajar ɗan wasa ba. Wanda ya riƙe alƙalamin ƙididdiga da wanda ya riƙe ƙuri'a suna da hannu a ciki. Pollard yana cikin baƙaƙen fata biyu na farko da suka buga babbar gasar ƙwararru ta NFL, ya ci kofinta na farko, kuma shi ne baƙar fata na farko da ya zama koci a cikinta. Amma ya mutu yana da shekara 92 ba a sa sunansa a zauren gwanayen gasar ba.

Yadda wasan yake

Wasan ya sha bamban da ƙwallon ƙafa da muka sani. Kowane ɓangare 'yan wasa 11 ne, ƙwallon kuma mai siffar ƙwai ce, da hannu ake ɗaukarta ko a jefa ta. Tsawon filin yadi 100 ne, ban da wuraren cin maki da ke ƙarshensa biyu. Ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da yunƙuri huɗu ta ci yadi 10, idan ta kasa ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Wanda ya kai ƙwallo ƙarshen filin abokan hamayya ya ci maki shida.

Aikin Pollard shi ne karɓar ƙwallo daga baya ya ruga da ita, yana ratsa ƙarti waɗanda doka ta ba su damar su rungume shi su kayar. A zamaninsa hular kariya ta fata ce mara kauri, wasu ma ba sa sawa, kuma ɗan wasa ɗaya ne ke kai hari ya dawo ya tsare gida har a tashi.

Haihuwa da tashi

An haifi Pollard ranar 27 ga Janairu, 1894, a birnin Chicago. Shi ne na bakwai cikin 'ya'ya takwas. Mahaifinsa, John William Pollard, mai aski ne, kuma ya yi yaƙin basasar Amurka a ɓangaren Arewa, yaƙin da ya kawo ƙarshen bauta a ƙasar. Mahaifiyarsa ɗinki take yi. Sun raɗa masa sunan Frederick Douglass, bawan da ya tsere daga hannun iyayengijinsa ya zama jagoran yaƙi da bauta. Unguwarsu, Rogers Park, cike take da Jamusawa 'yan ci-rani, daga bakinsu ne laƙabin Fritz ya fito ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa.

A makarantar sakandare ta Lane Tech ya yi suna a zari-ruga da guje-guje. Jikinsa bai nuna alamar zai yi nisa a wasan ƙarti ba, domin tsayinsa bai wuce mita 1.75 ba, nauyinsa kuma wajen kilo 75. Abin da yake da shi shi ne gudu da iya kauce wa mai tarewa.

A 1915 ya shiga Jami'ar Brown da ke Providence a jihar Rhode Island. A ranar 1 ga Janairu, 1916, ƙungiyar jami'ar ta buga wasan Rose Bowl a California da Washington State. An yi ruwa, fili ya zama taɓo, aka ci Brown 14 da nema. Duk da haka ranar ta shiga tarihi, domin Pollard ne baƙar fata na farko da ya buga wannan wasa.

Kakar 1916 ce ta fito da shi. Brown ta ci wasa takwas, aka ci ta ɗaya. Ta doke Yale da Harvard, manyan jami'o'in da ke riƙe da wasan a lokacin, kuma a wasannin biyu Pollard ne ya fi kowa tashe. A ƙarshen shekara Walter Camp, mutumin da ake kira uban wannan wasa, ya sa shi a jerin gwanayen Amurka 11 na shekarar. Kafin shi baƙar fata William Henry Lewis na Harvard ya taɓa shiga jerin, amma Pollard ne na farko cikin masu ɗaukar ƙwallo daga baya.

Bai kammala digirinsa a Brown ba. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya yi aikin horar da sojoji motsa jiki a sansanin Meade na jihar Maryland, sannan daga 1918 zuwa 1920 ya horar da ƙungiyar Jami'ar Lincoln ta Pennsylvania. Wannan jami'a ta baƙaƙen fata ce, ita ce daga baya ta yaye Nnamdi Azikiwe da Kwame Nkrumah.

Kofin farko

A 1919 wata ƙungiyar ƙwararru ta garin Akron a jihar Ohio ta ɗauke shi. Wasan ƙwararru a lokacin ba shi da tsari. 'Yan wasa na tsalle daga wannan ƙungiya zuwa waccan saboda kuɗi, manyan jaridu kuma sun fi ganin girman wasan jami'o'i. A ranar 17 ga Satumba, 1920, masu ƙungiyoyi suka taru a shagon sayar da motoci na Ralph Hay a garin Canton suka kafa gasa, suka naɗa shahararren ɗan wasa Jim Thorpe shugabanta. Ita ce aka sauya wa suna zuwa NFL a 1922.

A kakar farko baƙaƙen fata biyu ne kacal a gasar: Pollard a Akron Pros da Bobby Marshall a Rock Island. Akron ta buga wasa 11, ta ci takwas, ta yi canjaras uku, ba a doke ta ko sau ɗaya ba. Ta doke Canton ta Jim Thorpe sau biyu, ta kuma tashi ba ci da Decatur Staleys ta George Halas, ƙungiyar da ta zama Chicago Bears. A taron masu ƙungiyoyi na watan Afrilun 1921 aka tabbatar mata da kofi. Pollard ne ginshiƙin harin ƙungiyar, shi ne kuma mai jawo 'yan kallo. Kofin da aka ba su ya ɓace daga baya, har yau ba a gan shi ba.

A 1921 aka naɗa shi koci tare da Elgie Tobin, yana horarwa yana kuma bugawa. A shekarar ce ya jawo abokinsa Paul Robeson, wanda daga baya ya zama mashahurin mawaƙi kuma ɗan gwagwarmaya, suka buga tare a Akron, sannan a Milwaukee a 1922. A 1923 a ƙungiyar Hammond Pros ya riƙe matsayin mai rabon ƙwallo, wanda shi ne madugun 'yan kai hari, ya zama baƙar fata na farko da ya riƙe matsayin a gasar. Ya kuma buga wa Gilberton a yankin masu haƙar kwal na Pennsylvania, da Providence, kafin ya koma Akron inda ya yi kakarsa ta ƙarshe a 1926.

Duk wannan a cikin wulaƙanci ya yi shi. A Akron, garin da ya ciyo wa kofi, sau da yawa a shagon sayar da taba na mai ƙungiyar, Frank Nied, yake sa kayan wasa, sannan a kai shi fili da mota dab da za a fara. A tafiye-tafiye otal da gidan abinci kan hana shi shiga. A fili kuwa abokan hamayya kan taru su danne shi bayan an busa usur da nufin su ji masa ciwo. Ya ƙirƙiro dabarar kare kansa: da an kayar da shi sai ya juya rigingine ya ɗaga ƙafafu sama, ƙusoshin takalminsa na jiran duk wanda zai faɗo masa.

An rufe ƙofa

Bayan kakar 1926 gasar ta rage yawan ƙungiyoyinta, ƙananan ƙungiyoyin da suka saba ɗaukar baƙaƙen fata suka watse, Akron da Hammond na cikinsu. Adadin baƙaƙen 'yan wasa ya yi ta raguwa. A 1933 biyu suka rage, Joe Lillard a Chicago Cardinals da Ray Kemp a Pittsburgh. Daga 1934 har zuwa 1945 babu baƙar fata ko ɗaya a gasar.

Ba a rubuta wannan doka a takarda ba, masu ƙungiyoyi ma sun riƙa musanta cewa akwai ta. Masana tarihi da dama sun ɗora babban alhakin a kan George Preston Marshall, mai ƙungiyar da ta tashi daga Boston ta koma Washington, wanda bai ɗauki baƙar fata ba sai 1962, bayan gwamnatin tarayya ta matsa masa lamba kan filin wasa. Hujjar da ake bayarwa a bainar jama'a ita ce babu baƙaƙen da suka cancanta.

Pollard ya amsa wannan hujja da aiki. A 1928 ya kafa ƙungiyar baƙaƙen fata zalla mai suna Chicago Black Hawks, wadda ta yi ta yawon buga wasa da ƙungiyoyin fararen fata har zuwa 1932. A 1935 ya jagoranci wata a unguwar Harlem ta New York, Brown Bombers, wadda ta ari laƙabin ɗan dambe Joe Louis. Ya tattaro 'yan wasan da gasar ta ƙi, Joe Lillard na cikinsu, suka riƙa doke ƙananan ƙungiyoyin ƙwararru na fararen fata. Manufarsa ita ce kowa ya gani da idonsa cewa ba rashin iyawa ne ya fitar da su ba.

Sai a 1946 ƙofar ta sake buɗewa, lokacin da Los Angeles Rams ta ɗauki Kenny Washington da Woody Strode, Cleveland Browns kuma, wadda ke wata gasa ta daban a lokacin, ta ɗauki Marion Motley da Bill Willis.

Rayuwa a wajen fili

Pollard bai dogara da wasa kaɗai ba. A 1922 ya buɗe kamfanin zuba jari a Chicago domin baƙaƙen fata masu ɗan hali, kamfanin da karayar tattalin arzikin da ta fara a 1929 ta durƙusar. Ya yi sana'ar sayar da kwal. Daga 1935 zuwa 1942 ya buga jaridar mako-mako mai suna New York Independent News, wadda ta riƙa sukar wariyar launin fata, har da ta filin wasa. Ya zama dillalin mawaƙa da 'yan wasan kwaikwayo, ya shirya fim ɗin kiɗa mai suna Rockin' the Blues a 1956, daga baya ya koma ba da shawara kan haraji. Ɗansa, Fritz Pollard ƙarami, ya ci tagulla a tseren tsallake shinge na mita 110 a gasar Olamfik ta Berlin a 1936, gasar da Jesse Owens ya ci zinare huɗu a gaban Hitler.

Ɓangaren jami'o'i bai manta da shi ba. A 1954 aka sa shi a zauren gwanayen wasan jami'o'i, a 1981 kuma Brown ta ba shi digirin girmamawa. Gasar ƙwararru, wadda ya taimaka aka kafa, ita ce ta yi shiru.

Yadda ake auna gwani

An buɗe zauren gwanayen ƙwararru a Canton a 1963 da mutum 17 na farko. Jim Thorpe na ciki, George Halas na ciki, George Preston Marshall ma na ciki. Babu baƙar fata ko ɗaya, na farko da ya shiga shi ne Emlen Tunnell a 1967. Kwamiti ne ke zaɓe, akasarinsa 'yan jaridar wasanni, kuma sai ɗan takara ya samu kashi 80 cikin 100 na ƙuri'u.

Abubuwa uku suka taru suka danne sunan Pollard. Na farko ƙididdiga ce. Gasar ba ta fara tattara alƙaluman 'yan wasa a hukumance ba sai 1932, shekara shida bayan ya bar ta. Yawan yadin da ya ci da gudu, wanda shi ne ma'aunin mai irin aikinsa, ba a rubuta shi cikakke ba. Abin da ya rage shi ne rahotannin ƙananan jaridun Ohio da jaridun baƙaƙen fata, kuma wasannin da ya buga wa ƙungiyoyin da ba sa cikin gasar, irin su Gilberton, ba sa shiga lissafi ko kaɗan. Idan aka jera shi da wanda aka ƙirga masa kowane taku, dole ya zo a baya.

Na biyu shi ne ƙungiyoyinsa sun mutu. Chicago Bears da Green Bay Packers suna nan, suna da magoya baya da 'yan jarida da ke tuna tsofaffin gwanayensu, suna yi musu kamfe. Akron Pros da Hammond Pros ba su bar magaji ba.

Na uku shi ne waɗanda suka ba da labarin farkon gasar. Su ne masu ƙungiyoyin da suka yi mulki a shekarun da aka rufe ƙofa, kuma tuna Pollard na nufin tuna cewa an taɓa samun baƙar fata yana horar da fararen fata tun 1921, sannan aka hana. Mantuwar ta yi zurfi har ta kai lokacin da Los Angeles Raiders ta naɗa Art Shell koci a 1989, shekara uku bayan mutuwar Pollard, sai da aka tunatar da mutane da yawa cewa ba shi ne na farko ba.

Ba Pollard kaɗai wannan ma'auni ya cuta ba. Duke Slater, baƙar fata da ya yi kaka 10 yana tare wa 'yan uwansa hanya, aikin da ba ya barin alƙaluma, ya zama alƙali a Chicago, ya mutu a 1966, ba a karrama shi ba sai 2020. Benny Friedman, farar fata Bayahude, wanda ya fi kowa iya jifan ƙwallo a ƙarshen shekarun 1920, shi ma ya yi tashensa kafin a fara ƙididdiga, ya mutu a 1982 yana jira. Wannan ya nuna ba launin fata kaɗai ne matsalar ba, amma ga Pollard launin fata ya hau kan sauran.

Bahaushe ya san kwatankwacin wannan. A ƙauyukan Bebeji da Kiru da Doguwa, kamar sauran ƙasar Hausa, an daɗe ana dambe da kokawa idan an kawar da amfanin gona, ba a kuma rubuta wanda ya kashe wa ko sau nawa. Sunan da ya wanzu shi ne wanda makaɗi ya ɗauka. Shago ya kai ga kunnen waɗanda ba su taɓa ganin dambensa ba saboda Ɗan Anace ya wasa shi, rediyo kuma ya yaɗa waƙar. Gwanin da bai samu makaɗi ba, sunansa kan tafi tare da tsofaffin da suka gan shi. A Amurka ɗan jarida da mai ƙididdiga su ne makaɗan, kuma Pollard ya yi tashensa kafin su ɗauki ganga.

Ƙarshe da abin da ya biyo baya

A shekarunsa na tsufa Pollard bai ɓoye ɓacin ransa ba. A hirarrakin da ya yi da 'yan jarida ya sha zargin manyan masu ƙungiyoyi, har da George Halas, da hannu a korar baƙaƙen fata, zargin da Halas ya musanta. Ya mutu ranar 11 ga Mayu, 1986, a Silver Spring ta jihar Maryland.

Masu bincike ne suka dawo da sunansa. A 1992 masanin tarihi John M. Carroll ya wallafa littafi kan rayuwarsa, bayan ya bi tsofaffin jaridu ya tantance abin da ya faru. A 2003 aka kafa ƙungiyar Fritz Pollard Alliance domin matsa wa gasar lamba ta ba baƙaƙen fata da sauran tsiraru damar zama koci da manajoji. A shekarar ce kuma aka fara aiki da Dokar Rooney, wadda a lokacin ta wajabta wa duk ƙungiyar da ke neman koci ta gana da aƙalla ɗan takara ɗaya daga cikin tsiraru.

A 2005 ƙaramin kwamitin da ke duba tsofaffin 'yan wasa ya gabatar da sunansa tare da na Benny Friedman, aka zaɓe su. A watan Agusta na shekarar aka shigar da su zauren Canton tare da Dan Marino da Steve Young, taurari biyu da aka ƙirga musu kowane jifa. Jikokin Pollard ne suka tsaya a madadinsa. Shekara 85 ke nan bayan kofin Akron, 42 bayan buɗe zauren.

Hanyar da ya fara bi ta kai wasu nesa. A 1988 Doug Williams ya zama baƙar fata na farko da ya ci wasan ƙarshe na Super Bowl a matsayin mai rabon ƙwallo, kuma ƙungiyar Washington ya ciyo wa, wadda Marshall ya kafa. A 1989 Christian Okoye, haifaffen Inugu, ya fi kowa cin yadi da gudu a gasar, a irin aikin da Pollard ya yi. A 2007 Tony Dungy ya zama baƙar fata na farko da ya ci Super Bowl yana koci. A yau mafi yawan 'yan wasan gasar baƙaƙen fata ne, 'yan asalin Najeriya da yawa na cikinsu, amma kujerar koci har yanzu ƙalilan ne daga cikinsu ke samu, kuma ƙungiyar da ke ɗauke da sunan Pollard na ci gaba da bin kadin wannan a duk shekara.

Mutum-mutumin kansa na tagulla yana nan a Canton, garin da aka yi taron shagon motoci a 1920, a ɗaki ɗaya da na Halas da na Marshall.